Wurin yinin tsofaffi masu gigin tsufa a Kano: zubar da iyaye ne ko taimako?

Daga guruf ɗin 'yan unguwarmu, bayan an turo cigiyar wani dattijo da ya fita da asuba, daga baya aka same shi lafiya a wajen Kurna.

Sista Rabi: Alhamdulillah da aka ga Baba. Amma ni dai yau sai na faɗi abin da ke raina ko da za a yi min ca. Lokaci ya yi da za a buɗe wuraren yini na tsofaffi masu gigin tsufa a garin nan, ka kai mahaifinka da safe ka ɗauko shi bayan la'asar, masu horo su kula da shi. Cigiyar nan da muke ji a rediyo kullum, dattijo ne yana da rikicin tsufa ya fita da farar riga, ba za ta ƙare ba muddin gida kaɗai aka bar wa jinyar.

Malam Sabo: Subhanallahi. Rabi ke da kike da ilimi. Allah ya ce a Suratul Isra'i aya ta 23 ko uf kar ka ce musu, ke kuma kina cewa a kwashe su a kai wa bare. Wanda ya raine ki bai kai ki ko'ina ba.

Habu Kwari: Allah ya saka Malam. Wannan duk tsarin Turawa ne da ba su san zumunci ba, kuma ita kanta cutar ma tasu ce, mu a nan tsufa ne kawai, kakata ta kai kusan ɗari da hankalinta ras.

Sista Rabi: Habu kakarka da ta kai kusan ɗari da hankalinta ai ita ce hujjata, da tsufa ne kawai da kowane tsoho ya rikice. Cuta ce a ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin cikinta ke mutuwa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke da ita, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ne irin namu, duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Mafi yawa nau'in Alzheimer ne, sai wadda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa, ita kuwa kar ka ce min babu hawan jini a kasuwar Kwari.

Injiniya Nura: Don adalci dai Habu yana da ɗan abin kamawa. Akwai binciken da aka fara a 1992 aka kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanafolis a Amurka, an samu cutar ta fi ƙaranci a Ibadan. Amma ƙaranci aka ce, ba a ce babu ba. Sannan zancen zumunci ku dubi Japan, su ma al'adarsu babban ɗa ke riƙe iyaye kuma matarsa ce ke jinya, abin da kunya a kai tsoho waje, sai da tsofaffi suka yi yawa matan suka gaza, a shekarar 2000 gwamnati ta kawo inshorar kula da tsofaffi, duk wanda ya kai 40 yana zuba kuɗi, da ita ake biyan wurin yini da masu zuwa gida su yi wa tsoho wanka. Jamus ta riga su tun 1995. Yanzu a Japan kusan mutum uku cikin goma sun haura 65.

Habu Kwari: Toh mu ai ba mu kai can ba Injiniya, yara ne suka cika gari.

Maman Iman: Salamu alaikum, ni ban cika magana a nan ba amma yau kun taɓo ni. Allah gafarta Malam ina da tambaya, in an ce "gida" zai yi jinya waye gidan? Don a gidanmu ni ce. Hajiyar maigidana tana wajena, ni ke mata wanka ni ke canza mata pampas ni ke wanke zanin gado, da magariba ta doso sai ta ɗaure kayanta ta ce za ta tafi gidansu Babanta na jiranta, mutumin da ya rasu tun kafin a haife ni, dare kuwa ba barci sai na sa kwaɗo na ɓoye mukulli a ƙarƙashin filo. Zan ba ta tuwo ta cinye, in 'ya'yanta mata sun zo ran Juma'a ta ce tun jiya ban ba ta komai ba kuma na sace mata 'yan kunne, su kuma su yarda, a yi ta kallona a kaikaice, su ajiye lemo da ayaba su tafi kafin isha. Wallahi ina sonta, lokacin da take da lafiya uwa ce a wajena. Amma na rufe shagon ɗinkina, bikin ƙanwata ban je ba, ni ma yanzu maganin hawan jini nake sha. In akwai inda zan kai ta ko sau biyu a sati na samu na yi barci, Allah zan kai ta, duk mai zagi ya zo ya kwana da ita dare ɗaya tukun.

Sista Rabi: Sannu Maman Iman, Allah ya ba da lada. Kuma ba ke kaɗai ba ce, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna kusan kashi 70 na awannin jinyar nan mata ke yi.

Malam Sabo: Allah ya yi miki albarka 'yata, kuma zan faɗi gaskiya ko ta ɗaci ga maza. A shari'a jinyar suruka ba wajibinki ba ce, kyautatawa kike yi. Wajibin yana kan 'ya'yanta maza da mata gwargwadon samunsu, har a littafin fiƙihu na Mukhtasar an ambaci cewa ɗa mai hali shi ke ɗaukar nauyin mai yi wa iyayensa hidima. To su haɗa kuɗi su ɗauko mai aiki, su raba kwana. Amma fitar da tsohuwa daga ɗakinta ban yarda ba har yanzu, mai wannan larura in ka sauya masa wuri ai ƙara ruɗewa yake.

Sista Rabi: Nan kam Malam ya yi gaskiya, sauyin wuri yana rikita su, shi ya sa ban ce gidan gajiyayyu ba, yini na ce, wuri ɗaya fuskoki ɗaya a cikin unguwa, ya kwana a gadonsa. Mai aikin kuma da ake ɗaukowa yarinya ce daga ƙauye ba ta san komai ba, tsohuwa ta zage ta ita ma ta rama, wani gidan har ɗaure ƙafa ake yi a rufe ɗaki don kar baƙi su gani.

Kawu Ila: Duk na ji ku, tambayata ɗaya wa zai biya? Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, ta lafiyar ƙwaƙwalwa kuma a 2023, toh a unguwar nan wa ya gani a ƙasa? Japan albashi ake yanka, mu nawa ne cikinmu masu albashin? In ɗan kasuwa ya buɗe sai masu kuɗin unguwar Nasarawa, in ta gwamnati ce kun san yadda za ta ƙare.

Injiniya Nura: Kawu ba sai an jira Abuja ba. Islamiyyu nawa muka gina da karo-karo? Akwai zakka akwai waƙafi, ɗaki biyu da tsakar gida da nas guda mai ritaya sun isa a gwada.

Sista Rabi: Kafin ma a kai nan don Allah a riƙa kai su asibiti. Wani ruɗewar ba gigin ba ne, ciwon sanyin fitsari ne ko ƙarancin bitamin B12 ko matsalar maƙoƙo ko damuwa, ana magani ya dawo daidai. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano akwai a asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, amma da ka ambaci Dawanau sai a ce ka kira ubansu mahaukaci, a koma cewa sammu ne ko kishiya ce ta yi jifa, tsohuwa mara gata ma har mayya ake ce mata. A yi ruƙiyya ba wanda ya hana, a haɗa da gwaji. Maganin da ake bayarwa irin su donepezil ba ya warkarwa, ɗan sassauci ne na wani lokaci, duk mai sayar muku da na warkewa a mota da lasifika kuɗinku yake so.

Habu Kwari: Ni dai har gobe uwata ba za ta yini a hannun bare ba ina raye. A raba kwana kamar yadda Malam ya ce shi ke nan.

Maman Iman: Toh madalla Yaya Habu. Inna da ke wajen matarka wace rana ce taka a satin?

Habu Kwari: Ai kin san yanayin kasuwa, sai dai ko Lahadi in ba a sauke kaya ba.