Ta ina zan fara gyaran tsohon babur?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Na sayi tsohuwar Honda CG125 wadda ta shekara uku a ajiye cikin zaure, kuma ban taɓa kwance inji ba. Ta ina ya kamata in fara?

Makaniken Zango:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yi gaggawar tayar da ita, domin fetur ɗin da ya daɗe a tanki yana daskarewa ya toshe ƙananan ramukan karbireta. Ka zubar da shi, ka wanke tankin da karbiretar, ka sauya baƙin mai da buji, wato fulogi, sannan ka duba matatar iska, wadda ƙurar hunturun Damagaram ba ta raga mata. Duk abin da za ka kwance, ka ɗauki hotonsa tukuna.

Malam na Sabon Gari:
Ni takardu zan fara dubawa: lambar da ke jikin ƙarfen babur ta dace da ta kartigiris, wato takardar rajistar babur, kafin ka kashe ko dala. Tayoyi da birki kuwa su riga fenti.

Ɗan Birni:
Na gode, Malam. Lambobin sun dace, gobe zan nemi buji a kasuwar Dole.