Yadda za a riƙa jin maganarka a wurin aiki

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda za a riƙa jin maganar mutum a wurin aiki, abin da aka fi nanatawa shi ne ka fara da abin da kake so, kar ka tsaya dogon sharhi. Oga na da mitin a gabansa, kai kuma ka ɗauko labari tun daga tushe, kafin ka iso kan batun hankalinsa ya koma waya. Ka ce "ina buƙatar ƙarin mutum ɗaya a aikin nan kafin Juma'a", sai dalili ya biyo baya.

Wata ta kawo shawarar da ni dai na fi yarda da ita, wai ba a cikin mitin ake shawo kan mutane ba, tun kafin a shiga ake gamawa, ka bi waɗanda abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya ka ji ƙorafinsu, in an zauna sai ka tarar ba kai kaɗai ba ne, wani ma ya riga ka faɗa kuma ba komai ai tunda aikin ake so ya tafi.

An ɗan yi musu kan wanda aka katse yana magana. Wasu suka ce ya haƙura, wasu suka ce a'a, ya ce "bari in ƙarasa" ba tare da ɗaga murya ba ya ci gaba. Gaskiya na biyun ya fi.

Sauran ƙanana ne, ka daina fara magana da "ƙila dai ban yi daidai ba amma", kuma bayan mitin ka tura gajeren imel kan abin da aka yanke da wanda zai yi me, don gobe wani zai ce shi bai ji haka ba.