Sirka naitirojin cikin TiO2 ya gama maganar hasken rana ko da saura?

Ɗan Lab: Jama'a ni dai ina nan kan bakana, tun da aka gano sirka naitirojin cikin titaniyam dayoksaid (TiO2), sinadarin nan da ke amfani da haske wajen ruɓar da datti, maganar sa shi aiki da hasken rana ta ƙare. Matsalarsa ai ɗaya ce, tazarar kuzarinsa, wato kuzarin da ilektron ke buƙata kafin ya tashi, ta yi faɗi, 3.2 a ma'aunin eV a nau'insa da ake kira anatas, sai hasken UV wanda ido ba ya gani ne ke iya tayar da ilektron ɗinsa, kuma UV ɗin nan bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken da ke iso mu daga rana ba. Asahi da abokan aikinsa na cibiyar binciken Toyota a Japan suka fitar da nasu a mujallar Science a 2001, hodar da take fara fat ta koma rawaya, ta fara shan hasken da ido ke gani. To me ya rage?

Anti Malama: Ƙanena da saura fa sosai. Shan haske daban, yin aiki da shi daban. Ilektron ya tashi ya bar gurbi, idan suka sake haɗewa kafin su kai saman ƙwayar hodar shi ke nan kuzarin ya tafi a zafi, ba abin da ya ruɓar. Kuma gurbin da ke samuwa a matakin kuzarin da naitirojin ya kawo bai kai na TiO2 na asali ƙarfin cin datti ba, wannan shi ne abin da ke damuna duk lokacin da na ga ɗalibi yana murna don kawai hodarsa ta canza kala.

Auta: Anti to me zai hana a ƙara naitirojin ɗin da yawa?

Baban Ɗalibai: A'a Auta, kamar gishiri ne a miya. Irie da Watanabe da Hashimoto sun gwada a 2003, suka ga yadda naitirojin ke ƙaruwa haka ribar da ake samu daga kowane ɗigon haske ke raguwa, don wuraren da oksijin ya fita daga cikin ƙwayar su ne ke zama mahaɗar ilektron da gurbi. Ko ƙarafa ma haka ne, Choi da Termin da Hoffmann tun 1994 sun nuna baƙin ƙarfe ɗan kaɗan ne ke taimakawa, bai ma kai kashi 1 cikin 100 ba, ka zarce sai abin ya juya maka.

Ɗan Lab: Malam na ji, amma takardu nawa ne suka nuna rinin metilin bulu ya kwaranye ƙarƙashin fitila? Duk ƙarya suke kenan?

Anti Malama: Ban ce ƙarya ba, gwajin ne ke da gyara. Metilin bulu shi kansa yana shan jan haske mai tsawon zango wajen nanomita 664, yana iya miƙa wa TiO2 ilektron ya kashe kansa ko ba a sirka komai ba, sannan wani shuɗin ma mannewa kawai yake a jikin hodar, ka tace ka ga ruwa ya washe amma hodar da ta kwanta a gindin kwalba ta yi shuɗi shar, rinin na nan wuri ya canza. Shi ya sa masanin nan na Japan, Ohtani, ya daɗe yana jan kunne kan gwaji da rini.

Ɗan Lab: To amma ku duba cikin ɗaki, fitilar LED kusan babu UV a cikinta, nan farar hodar ba ta da abin yi gaba ɗaya, mai naitirojin ko yaya ne za ta ɗan motsa. Ni wannan ya ishe ni hujja wlh.

Baban Ɗalibai: Nan kam ka yi gaskiya, a cikin ɗaki tana da amfani, ban musa ba. A tsakar rana ne nake ja da kai, don P25, TiO2 ɗin kasuwa da ake auna sauran da shi wanda ba a sirka masa komai ba, har yau wahalar dokewa gare shi.

Anti Malama: Ni abin da zai gamsar da ni a yi gwajin da sinadarin fenol tunda ba shi da kala, a sa filta mai tare duk abin da ke ƙasa da nanomita 420 don a cire UV, a fara juya shi cikin duhu don a ga abin da ke mannewa kawai, a jera da P25, sannan a auna kabon ɗin da ya rage a ruwan ba kala kaɗai ba.

Auta: Kuma a wanke hodar a sake amfani da ita ko Anti, a ga ko naitirojin ɗin na nan?

Ɗan Lab: Filtar muna da ita, fenol ɗin ne sai na nema. Amma fa ban janye ba tukuna.