Wa ya taɓa buɗe kamfaninsa shi kaɗai a ƙasar Sin? Ku zo ku ba mu labari

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Ina sayo yadi da labule daga Guangzhou ina kawowa Kano, kuma komai ta hannun ejan yake bi. Shi ke biyan masana'anta, shi ke yin takardun kwastan, sunan kamfaninsa ne a kan kowace takarda. Ba ni da ƙorafi a kansa, sai dai harkar ta kai inda nake son tsayawa da ƙafata. An ce mini baƙo na iya yin rajistar kamfani nasa ɗungurungum, ba sai ya sa ɗan ƙasa a ciki ba. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku faɗa mana abin da kuka gani da idonku, ba abin da masu tallar rajista ke faɗa ba.

Alhaji Mazaunin Yiwu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Gaskiya aka faɗa maka, ni na yi kuma kamfanin yana nan yana aiki. Abin ba sabo ba ne, tun 1986 suke da dokar da ta yarda baƙo ya mallaki kamfani shi kaɗai. A ranar 1 ga Janairun 2020 sabuwar dokar zuba jarin baƙi ta maye gurbin tsofaffin, yanzu muddin sana'arka ba ta cikin jerin waɗanda aka hana baƙi ko aka taƙaita musu, kusan daidai kake da ɗan gida. Saye da fitar da yadi ba ya cikin jerin.

Lasisin kansa bai ba ni wahala ba. Za ka zaɓi suna da rubutunsu, ka kawo takardar hayar ofis na gaske, ka rubuta irin kasuwancin da za ka yi. A nan ka natsu, ka rubuta duk abin da za ka yi. Banki ne ya fi jan lokaci. Sai da na je da kaina da fasfo, suka yi mini tambayoyi a kan inda kuɗi zai riƙa fitowa, sannan ma'aikatansu suka zo har ofis suka ɗauki hoton allon sunan kamfani da teburin da nake zama.

Amma abin da nake so ka riƙe shi ne hatimi. Bayan lasisi ya fito za a sassaƙa maka hatimai: babban mai jan zagaye na kamfani, na kuɗi, na rasit, da ɗan ƙarami mai ɗauke da sunan wakilin kamfani a gaban doka. A can hatimi ya fi sa hannu ƙarfi. Duk takardar da jan hatimin nan ya hau kanta ta hau kan kamfani, ko kana Kano kana barci. Wani bawan Allah da muke hawa ɗaya da shi ya tafi gida azumi ya bar wa tafintansa hatimai a aljihun tebur. Kafin ya dawo an karɓi kaya bashi da sunan kamfaninsa, masu kaya suka zo da takarda da hatiminsa a jiki. Ranar da suka zo ina nan, na ga yadda dattijon nan ya zauna a kan kwali ya kasa magana. Nawa hatiman suna cikin akwatin ƙarfe, mabuɗin yana wuyana. Kuma kada ka yarda a rubuta sunan wani a matsayin wakilin kamfani don wai a sauƙaƙa maka, sunanka za ka sa.

Hajiya Mai Labule:
Alhaji ya faɗi gaskiya, Allah ya saka. Ni zan ƙara a kan maganar jari. Wanda ya yi mini rajista ya so in rubuta adadi mai yawa, wai masana'antu sun fi ganin girman mai babban jari. Na ƙi, na rubuta abin da na san zan iya zubawa. Da a ce na biye masa da yanzu ina cikin damuwa, domin tun 1 ga Yulin 2024 dokar kamfanoni ta ce duk jarin da ka rubuta sai ka zuba shi cikin shekara biyar. Ba ado ba ne a kan takarda, bashi ne a wuyanka.

Kuma yadda kuɗin zai shiga shi ne babban aiki a gare mu 'yan Najeriya. Jari sai ya fito daga waje, daga asusun mai kamfanin da sunansa, ya faɗa asusun jari na musamman da banki ya buɗe. Kuɗin da ka ba ɗan canji a Wapa aka miƙa maka yuan a Guangzhou ba ya shiga wannan lissafi. Ni da sunan kamfanina na gida na zuba, don haka takardun rajistarsa sai da suka bi ta ma'aikatar harkokin waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Sin ya tantance, sannan aka fassara su. Ɗan Kwari, in da sunanka kai kaɗai za ka yi, ka rage wa kanka wannan zirga-zirgar.

Alhaji Mazaunin Yiwu:
Hajiya ta taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mun ga 'yan kasuwa da yawa a nan, har da Sinawa masu shaguna, an daskarar da asusunsu saboda kuɗin da ya shigo ta hannun masu canjin bayan fage ya haɗu da na 'yan damfara. Mai shago bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi ya sa wasunsu yanzu suka fi son mai biya daga asusun kamfani.

Malam Akanta:
Ni ba ɗan kasuwa ba ne, lissafin wasu 'yan'uwa nake dubawa tare da akantocinsu na can. Kamfani a Sin kamar dabbar kiwo yake, ko ba ta ba da nono ba sai ta ci. Ka yi ciniki ko ba ka yi ba, sai an kai bayanin haraji a kan lokaci, ko da sifili za a rubuta. Harajin riba a ƙa'ida kashi 25 ne cikin 100, ƙananan kamfanoni na samun rangwame. Harajin kaya kashi 13 ne. Daga Janairu zuwa 30 ga Yuni kowace shekara akwai rahoton shekara, wanda ya yi sakaci a saka shi a jerin kamfanoni masu matsala, kuma kowa na iya ganin jerin a intanet.

Ribar da mutane ke hange ita ce maido da harajin kaya in an fitar da su waje. Ana maidowa, amma sai da rasit na hukuma da suke kira fapiyo, kuma sai abin da ke jikinsa ya yi daidai da takardar kwastan. Masana'anta za ta ba ka, ta ɗora kuɗin a kan farashi. Ƙananan shagunan kasuwar Futian ta birnin Yiwu galibi ba sa bayarwa, shi ya sa aka yi musu tsarin da ake kira 1039: kaya su fita ba fapiyo, ba kuma maido da komai. To ka duba daga ina kake saye. In daga masana'anta ne, lissafin na iya fita. In tsince-tsince kake yi shago-shago, abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba.

Ɗan Maraɗi:
Ku yi mini haƙuri, ni ra'ayina daban. Na buɗe, na kuma rufe. Kwantenonina a shekara ba su da yawa, sai na tarar hayar ofis da kuɗin akanta da albashin yarinyar da ke zama a ofis da inshorarta sun haura ladan da ejan yake cira. Rufewar kuma ta fi buɗewar wuya nesa ba kusa ba, domin ofishin haraji sai ya tono lissafinka tun daga farko kafin ya sallame ka. Kuma ba a gudu a bar shi haka, sunan wakilin kamfani ne zai ɓaci.

Wani abu kuma, ɗan'uwa: kada ka ɗauka lasisi shi ne takardar zama. Izinin aiki nemansa daban, suna duba karatu da gogewa da takardar shaidar rashin laifi. Na san masu kamfani da har yau da bizar kasuwanci suke shiga suna fita.

Baban Deira:
Nawa a Dubai yake, amma maganar biza ta sa na ce bari in tofa albarkacin bakina. Tun Yunin 2021 aka daina tilasta wa baƙo ya bai wa ɗan ƙasa kashi 51 cikin 100 na kamfani a yawancin sana'o'i, muka yi murna. Sai ga shi a 2022 an dakatar da ba 'yan Najeriya biza, ba a buɗe ba sai Yulin 2024. A lokacin, kamfani naka ne kai kaɗai, amma yaranka da abokan cinikinka ba su da hanyar zuwa. Duk inda za ka kafa, ka tanadi amintaccen da zai riƙe maka in hanya ta toshe, kuma ka rubuta iyakar ikonsa.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yawancin kayana daga masana'antu biyu suke fitowa, kuma na tambaye su sun ce suna ba da fapiyo. Zan zauna da Malam Akanta mu auna da abin da ejan ke cira kafin in yanke shawara. Ina da niyyar shiga a watan Oktoba. Alhaji, lokacin ya yi?

Alhaji Mazaunin Yiwu:
Kada ka shigo a makon farko, hutun ƙasa suke yi, ofisoshin gwamnati a rufe. Daga tsakiyar wata kuma baje kolin Canton ya fara, masauki a Guangzhou sai ya yi tsada. In son samu ne ka bari ya watse a farkon Nuwamba. Ka duba fasfonka, in ya kusa ƙarewa ka sabunta tun a gida, domin lambarsa za a ɗaura wa lasisi da banki, sauyawa daga baya aiki ne. Sannan ka faɗa wa ejan ɗinka da bakinka tun kafin ya ji a waje. Mutumin ya riƙe maka amana, kuma ko ka buɗe kamfanin za ka ci gaba da buƙatar sito da masu lodinsa.