Wa ke jingine da wa, Jess ko Anna?

Malamin Adabi: Assalamu alaikum. Na gama littafinmu na wannan wata, The Pure Gold Baby na Margaret Drabble, wanda ya fito a 2013. Ga waɗanda ba su samu dama ba: Jess ɗaliba ce a SOAS, makarantar nazarin Afirka da Asiya da ke Landan, tana karatun nazarin al'adun al'umma. Ta yi ciki da wani malami mai aure, ta haifi Anna, yarinya kyakkyawa mai fara'a, sai daga baya aka gane tana da jinkirin fahimta, ba za ta taɓa iya riƙe kanta ba. Jess ta jingine burin yawon bincike a Afirka, ta zauna a arewacin Landan tana rubuce-rubuce daga kan teburi. Na san za a yi mini caa, amma ga ra'ayina: uwar ce ta fi jingina da 'yar. Anna ta zame mata hujja. Aure ma da ta yi bai je ko'ina ba, kuma ban ga ta yi wani baƙin ciki ba.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, amma wannan maganar wanda bai taɓa raino ba ce. Hujja? A layinmu akwai wata dattijuwa da ta haura sittin, 'yarta ta kusa arba'in, har yau ita ke yi mata kitso, ita ke gwada ruwan wanka da gwiwar hannu kada ya ƙona ta. Biki ba ta kai la'asar. Ranar da na raka ta asibiti, likita na yi mata bayanin hawan jini, ita kuwa tambayarta ɗaya: "In na faɗi, wa zai riƙe mini ita?" Wannan tambayar ce ke cin Jess tun daga tsakiyar littafin har ƙarshe. Wace riba ta ci?

Malamin Adabi: Hajiya, ban ce ba ta sha wahala ba. Ki tambayi dattijuwar nan ta ba ki yarinyar mako guda ta huta, ki ga ko za ta iya barci.

Uwar Biyu: Ba za ta iya ba, don ta san babu wanda ya san yadda yarinyar ke nuna ciwo sai ita. Wannan ba jingina ba ce, sani ne.

Auta: Yayyena ku yi haƙuri in shigo. Ni abin da ya tsaya mini a wuya daban ne: yaran tafkin Bangweulu na Zambiya. Jess ta gan su tana budurwa, yara masu yatsun ƙafa a haɗe, suna tuƙa kwale-kwalensu hankali kwance, ta riƙe su a rai shekara da shekaru. To su waye? Ba suna, ba uwa, ba magana. David Livingstone, Baturen nan mai yawon bincike da ya mutu a yankin a 1873, ya fi su samun fili a littafin. An ɗauko yaran Afirka an kafa su madubi don Baturiya ta ga 'yarta a ciki. Nazarin al'adun nan ado ne kawai.

Ɗan Zazzau: Auta, rabin maganarki na karɓa. Amma ki lura da wa ke ba da labarin. Ba Jess ba ce, maƙwabciyarta ce Eleanor, kuma yawanci da "mu" take magana: mu matan unguwa, yadda muke karɓa wa juna yara, yadda muke aure da rabuwa. Ashe al'ummar da ake nazari ita ce ta Landan. Mai zuwa kallon mutane ta koma abin kallo. Wannan juyin ne ya burge ni, ba tafkin ba.

Auta: Yaya, littafin ya juya kyamara, na yarda. Yaran dai har yanzu ba su yi magana ba.

Ɗan Zazzau: In masu magana kike nema, muna da su a gida. Baba of Karo, littafin tarihin rayuwar wata Bahaushiya mai suna Baba, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954. Ta zauna da Baba a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, lokacin da mijinta M. G. Smith ke bincikensa, tsohuwar na faɗa da Hausa tana rubutawa. Baba ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, amma ta raini 'ya'ya ta hanyar riƙo. Ga kuma kunyar ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, sau da yawa kaka ko gwaggo ke ɗauke shi bayan yaye. A irin wannan gida, yarinya kamar Anna hannu goma za ta tashi a ciki. Ƙullin da Malam ke magana, uwa ɗaya 'ya ɗaya ƙofa a rufe, tsarin zama ne ya haife shi.

Uwar Biyu: Ɗan Zazzau, kada mu yi wa kanmu kirari. Riƙo ana rububin yaro mai lafiya ne, wanda za a aika, wadda za a aurar a ci tukwici. Ka taɓa ganin gwaggo ta zo da zani tana roƙon a ba ta mai lalura? Dattijuwar da na faɗa muku 'yan'uwanta sun cika gari. Da sallah suna aiko atamfa.

Malamin Adabi: To kin dawo kan batuna ba ki sani ba. Kowa ya janye, su biyu suka rage, shekara talatin. Wa zai iya cewa ga mai riƙo ga wadda ake riƙe?

Uwar Biyu: Ni zan iya. Wadda ke tashi ƙarfe uku na dare ita ce mai riƙo.

Hajiya Babba: Tun ɗazu nake karanta ku. Malam, kai kana neman wayo a labari, shi ya sa ka tsallake Anna. Duk cikinku ba wanda ya tambayi me ita take so. Tana son waƙa, tana son mutane, tana tsoron ɓata wa kowa rai. Da aka kai ta makarantar kwana ta masu irin lalurarta, ta zauna, ta yi ƙawaye. Wannan ya ɗan taimaki maganarka, ban so ba amma gaskiya ce. Sai dai ita ma Drabble ba ta bari mun shiga zuciyar Anna ba, daga waje muke ganinta, kamar yaran da Auta ke kuka a kai.

Auta: Hajiya, wallahi ban haɗa su ba sai yanzu.

Malamin Adabi: Ni ban janye ba tukuna. Ɗan Zazzau, Baba of Karo ɗin naka yana nan, ko ka ba da aro?

Ɗan Zazzau: Yana nan, bangon ne ya cire. Zan kawo ranar Asabar, amma a dawo mini da shi.