Bakteriyata na haɗa kananzir da ruwa amma na kasa ciro sinadarin

Assalamu alaikum ƴan'uwa, don Allah masu ilimin ƙananan halittu ku agaza min, furojet ɗina na ciro sinadarin da bakteriya ke fitarwa mai haɗa mai da ruwa ya tsaya cak sati uku kenan.

Na ɗebo ƙasa a gefen kwatar wata majema a Challawa, saboda can ana barbaɗa wa fata gishiri sosai, nace dole a samu bakteriya mai jure gishiri. Aikuwa na samu guda ɗaya, tana tsirowa lafiya lau har a gishiri kashi 10 cikin 100, malamina yana zargin Halomonas ce (wani jinsin bakteriya mai son gishiri) amma bamu tabbatar ba tukuna, kuɗin gwajin sai a hankali.

Matsalar itace in na zuba mil 2 na ruwan da na reno ta a ciki da mil 2 na kananzir na girgiza minti 2, sai ya haɗe fari tas kamar kindirmo, har bayan awa 24 bai rabu ba. Amma in na ɗiga ruwan a kan mai sai ɗigon ya tsaya ƙyam kamar ƙwayar gero, baya bajewa ko kaɗan, alhali da akwai sinadari mai aikin sabulu a ciki da ya baje. To kenan abinda take fitarwa mai riƙe haɗin mai da ruwa ne kawai, ba irin mai aikin sabulu ba?

Don in ciro sinadarin, na sa wa ruwan asid na sauke pH (ma'aunin tsami) zuwa 2 na bari a firij ya kwana, wallahi ko ƙura bata kwanta a gindin kwalbar ba, kodayake an ɗauke wuta cikin dare. Wani yace in gwada etanol mai sanyi ninki uku, amma ina tsoron gishirin ne zai kwanto in ɗauka sinadarin ne. Wanda ya taɓa yi, ya kuka raba su? Saura wata ɗaya in miƙa.