Neman shawara: a ina zan kafa fagen wasan saɗaɗawar da nake haɗawa?

Abban Gem: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ina koyon Unity, manhajar haɗa wasannin kwamfuta, kuma ina son in haɗa fage guda na wasan saɗaɗawa, wato wasan da ake laɓaɓawa kada masu gadi su gan ka, irin ƙarin fagagen da ake saukewa daga baya. Abin da ya sa min ƙaimi shi ne fagen bankin New York da kamfanin IO Interactive ya ƙara wa wasan Hitman 2 a 2019. Wurin bai kai sauran girma ba, amma na shige shi ya fi sau ashirin ban gaji ba. Yanzu zaɓen wuri ne ya tsaya min a rai. Ko babbar kasuwa irin Kurmi, da lungunan nan da mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace, ko jirgin ƙasa na dare. Kwamfutata RAM 8 gare ta. Don Allah a ba ni shawara.

Sadiq Kwantirola: Wa alaikumussalam ƙanena. Jirgin ƙasa dai ka ajiye shi. Fagen ƙarshe na Hitman 3 a cikin jirgi yake, a tsaunukan Romaniya, kuma shi ne wanda na fi saurin daina komawa. Daga tarago sai tarago, hanya ɗaya tal.

Umman Haidar: Kasuwa ma ina tsoron ta fi ƙarfin na'urarka. Cunkoson da ka gani a fagagen Marrakesh da Mumbai na Hitman aikin kamfani ne mai tarin ma'aikata. Kasuwa kuwa in ba jama'a ta zama kufai.

Yaya Bash: Abba, ka sake duba bankin nan da kake so. Me ya riƙe ka? Ƙofofi ne. Falon ƙasa na kowa ne, bene sai ma'aikaci, ɗakin ajiyar kuɗi kuwa sai mai gadi na musamman, kuma kowace riga da inda take kai ka. Fagen Marrakesh ma haka aka gina shi a 2016: kasuwa a tsakiya, ofishin jakadancin Suwidin a gefe guda, tsohuwar makarantar da sojoji suka mamaye a ɗaya gefen. Don haka ka fara tambayar kanka: wa ke shiga ina, kuma da wace tufa?

In ni ne, Tumbuktu ta ƙasar Mali zan kai fagen, shekarar 2012, lokacin da masu ɗauke da makamai ke riƙe da garin. A lokacin ne Abdel Kader Haidara da iyalai masu ɗakunan karatu suka riƙa cusa tsofaffin rubuce-rubucen hannu cikin akwatunan ƙarfe, ana ɓoyewa a gidaje, daga baya aka fitar da su zuwa Bamako, wasu ta mota wasu ta jirgin ruwa a kogin Neja. A Janairun 2013 aka ƙona wasu a Cibiyar Ahmad Baba, wurin adana rubuce-rubuce da ke garin. Ka ga aikin ɗan wasanka ya fito: akwati ɗaya, dare ɗaya, daga cikin gida zuwa inda mota ke jira. Ba sai ka kashe kowa ba. Akwatin na da nauyi, in ka ɗauke shi ba gudu, in ya daki bango ya yi ƙara. Fitilar mai sintiri na lasar katangar ƙasa, kai kana rakuɓe a zaure kana jiran jaki da amalanke su wuce ka bi bayansu. Dare ne, mutum goma sun ishe ka, kwamfutarka za ta ɗauka.

Umman Haidar: Wannan ta kwanta min. Sai dai ka kula, ƙanena, abin ya faru da gaske, kuma masu shi suna raye. Ka ƙirƙiri gidan da mutanen cikinsa, kada ka sa sunan kowa.

Sadiq Kwantirola: Kuma ka bar maganar Agent 47, jarumin Hitman. Bature mai sanƙo da lamba a ƙeya, ko rawani bakwai ya naɗa sai an gane shi a can. Ka yi ɗan gari, wanda ya san katangar da ake haurawa.

Abban Gem: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya Bash, na ɗauki Tumbuktu. Yau da dare zan zana gidan a takarda: zaure biyu, tsakar gida, bene, da ƙofar baya mai fita lungu. Tambaya ɗaya ta rage, in mai sintiri ya gan ka, wasa ya ƙare ko a ba ka damar tsira?

Yaya Bash: A ba ɗan wasa dama. Mai sintirin ya tsayar da kai ya tambayi me ke cikin akwatin. In ka riga ka jera kayan miya a sama, ya ɗaga murfi ya leƙa ya ce wuce. In ba ka jera ba, a ƙwace akwatin ka koma ɗauko na biyu ta wata hanyar.